Notin da ke Aljihun Kuang Shulan

Duk wanda ya san Kuang Shulan a birnin Changchun ya san ba ta magana tana fuskantar mutum. Kai take kaudawa gefe, har mijinta ya yi shekaru yana zaton fushi take da shi. Sabo ne kawai. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana aikin zana layuka a kan gilashi, layukan da ido ba ya gani, wajen dubu a faɗin da bai wuce kaurin farce ba. Su ne ke tsaga haske ya fito launi-launi a cikin na'urorin masu bincike. Ɗigon yawu ɗaya ya faɗa a kai, an gama, domin ba a goge gilashin da aka zana.

Aikinta shi ne ɗaura tsinin lu'ulu'u a bakin injin da ke ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Da ta ɗaure, sai a rufe ƙofa, inji ya yi ta zane shi kaɗai. Ba mai shiga sai ya gama, saboda ɗumin jikin mutum ɗaya ya isa ya sa ƙarfe ya miƙe, layi ya karkace.

Gilashin bana shi ne mafi girma da ta taɓa ɗorawa, kuma na ƙarshe kafin ta yi ritaya. Kwana goma sha shida zai ci. A rana ta tara ta sa hannu a aljihun rigar aiki tana neman hankici, sai ta ji ɗan noti. Ta fito da shi ta duba. Irinsa ne sak ke riƙe lu'ulu'un.

Ta nufi Tsoho Mou, mai lura da ma'aunin zafi daga wajen ɗakin.

"Tsoho Mou, ranar da muka rufe, ka ga na ɗaure notin?"

"Ni dai ƙeyarki na gani. Wa kike bari ya matso in kina ɗauri?"

"To wannan fa?"

Ya jujjuya shi a tafin hannu. "Irinsa cike da gwangwani a sito. Haba ƙanwata, ke da kike komawa gida daga tashar bas don ki duba ko kin kashe gas?"

"Ba wasa nake ba. In bai ɗauru ba tsinin zai ɓalle, ya kwarzane gilashin da aka yi shekara ana gogewa."

"In kuma kin shiga, zanen kwana tara ya tashi a banza. Kafin a sake shafe gilashin a ɗora, wata huɗu ne. Lokacin kina gida kina jiƙa kabeji, wani ne zai ɗaure. Zauna ki sha shayi."

Ta zauna, amma shayi bai shiga ba. Kwana uku ta yi tana maimaita ranar rufewar a ranta. Wani sa'in ta ga hannunta yana murɗa notin, wani sa'in ta ga ramin fayau. Matar da ta ɗaure noti sau ɗaruruwa, ina za ta tuna wanne ne na bana? Tsoro ya cinye ta, ta rame, ta riƙa kara kunne a bango kamar mai sauraron numfashin majinyaci. Ba ta jin komai sai ƙas, ƙas ɗin injin da ta sani tun tana budurwa, shi ma yanzu ba ta yarda da shi ba.

A rana ta goma sha biyu da tsakar rana kowa ya tafi cin abinci. Ta tsaya a bakin ƙofa, notin a damƙe a hannu har ya yi mata shaida a tafi. Ita ce ta kori mutum biyu daga wannan aikin saboda taɓa wannan ƙofar. Ta murɗa makulli ta shiga.

Taku shida ne zuwa injin. Ta sunkuya, ta riƙe numfashi, ta duba.

Notin yana nan, a ɗaure tam, har da ɗigon jan fentin da take sawa in ta gama.

Ƙararrawar ma'aunin zafi ta ɗauka a waje. Da ta waiwaya sai ga Tsoho Mou a bakin ƙofa da kwanon taliya a hannu, bai ko tako ciki ba.

"Yana nan?" ya tambaya a hankali.

"Yana nan," in ji ta.

A bayanta inji ya ci gaba da zane, layi bayan layi, kowanne a karkace.