Mashin ɗin Ƙanƙara da Ragunan Malam

Mashin ɗin ya zo gidanmu ne bisa kuskure. Malam, maigidana, sana'arsa sayen motocin gwanjo, ya gyara ya tura Kwatano. Wata rana ya sayi wata a-kori-kura da ta yi hatsari, sai da aka sauke ta a ƙofar gida muka ga a bayanta akwai irin mashin ɗin da ake gudu da shi a kan dusar ƙanƙara. Babu taya, sai sanduna biyu masu sulɓi a gaba da bel mai faɗi a baya. Mu kuwa a Greensboro, nan Amurka, ƙanƙarar da ke sauka kafin ka gama ɗaukar hotonta ta narke. Mutanenmu sun sha dariya, kowa ya ga Malam a masallaci sai ya tambaya ko Damagaram zai tura. Malam bai kula su ba. Ya ce injin mai turbo ne, na'urar da ke cusa masa iska don ƙarin ƙarfi, ba a yar da irinsa, ya rufe shi da tamfol a rumfa.

A McLeansville muke zaune, wajen garin Greensboro, gida da ɗan fili, kuma Malam na kiwon raguna can ƙasan gangare. Duk Layya wurinsa mutanenmu ke saye, amma na san ko babu riba zai yi. Mutumin da ba ya iya hira da baƙo sai ya tsaya a garke yana surutu da rago har tuwo ya huce.

Sai ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Hannu ya tafi, ƙafa ta tafi, magana ta koma kalma ɗaya-ɗaya, ita ma da ƙyar. Da muka dawo daga asibiti, yayansa Alhaji ya ɗauki ragamar gidan ba tare da kowa ya miƙa masa ba. Ba mugu ba ne, Allah ya sani, shi ya yi ta jigilarmu. Amma ya tsiri wata ɗabi'a da ke ƙona min rai: zai zauna kusa da ƙanensa, ya juyo gare ni ya ce, "Ya ci abinci? Ya yi barci?" kamar Malam ba ya ɗakin.

Ranar da ya zo da shawara ma haka ya yi.

"Hajiya, ragunan nan a sayar. Na sama muku gida a cikin gari, a Gate City Boulevard, kusa da mu. Wanda ba zai iya sauka gangare ba, me zai yi da garke?"

"Yaya, ga mai ragunan nan a zaune. Tambaye shi mana."

"Haba Hajiya, kada ki wahalar da shi."

Na dubi Malam. Idonsa na kan taga, muƙamuƙinsa na motsi, maganar ta ƙi fitowa. Na ce, "To, idan ya sauka fa?"

Alhaji ya yi murmushin da ake yi wa mai rigima. Ya ce idan Malam ya sauka da kansa shi ke nan, idan kuwa bai sauka ba, kafin Layya zai zo da mai tirela ya kwashe ragunan.

Gangaren nan jar ƙasa ce, idan ta sha ruwa sai ta riƙe takalmi ta ƙi saki. Keken guragu ko kusa. Na aro 'yar motar batir ta maƙwabcinmu, ta kafe a tsakiya. Muna da wata tsohuwar 'yar motar gona mai taya huɗu wadda injinta ya mutu tuntuni. Na tsaya a rumfa ina dubanta, ina duban tamfol, na ce to, abin dariya, yau za ka yi aiki.

Kada a ɗauka ni bakanikiya ce. A gidan mai injin niƙa na tashi a Gusau, na san bel, kuma shekara da shekaru ni ke miƙa wa Malam sifana. Iyakar ilmina ke nan. Maƙwabcin ya taimaka da walda muka ɗora injin a kan 'yar motar. Toturinsa ba na ƙafa ba ne, da babban yatsa ake dannawa, don haka na ɗaure shi a sitiyari ta hagu, inda hannun Malam mai lafiya yake. Injin ya dinga zafi saboda an yi shi ne ƙanƙara ta riƙa sanyaya shi, sai na sa masa lagireto da fanka daga mushen wata mota.

Ni na yi gwajin farko. Na danna totur, inji na ihu, mota ko gezau. Na ƙara dannawa, sai turbo ya farka, kuloci ya cafke lokaci guda, ta fizge ni ta maka da shinge. Leɓena ya fashe. Ashe don samari masu tsere aka ƙera shi: daga ƙasa ba shi da ƙarfi ko kaɗan, da ya hau sama kuma ya haukace. Mai hannu ɗaya ba zai kai labari a kansa ba.

Labari ya zaga. Waya ta ishe ni, wai Hajiya ta zama bakanikiya, wai in ji tsoron Allah in zauna in yi jinya. Na ce jinyar nake yi, wadda ta fi ni iyawa ga sifana nan. Raina ya ɓaci sosai, kuma a ƙarƙashin ɓacin ran tsoro nake ji, don ban san ta inda zan fara lallashin injin ba.

Da yake ba na iya barin Malam shi kaɗai a ɗaki, nakan turo kekensa bakin rumfa. Wata safiya ina ba inji wuta sai na ji ƙwas, ya buga sandarsa a ƙasa. Na saki totur. Ya nuna bututun da ke kai iska daga turbo zuwa inji, ya haɗe haƙora ya yi "sssss". Na kwaɓa ruwan sabulu na shafa, sai ga kumfa na tashi a wata gaɓa. Iska ce ke zurarewa, shi ya sa turbo ke jinkirin farkawa. Ni da ke tsaye a kansa ban ji ba, shi ya ji daga ƙofa.

Daga nan aikin ya zama na mutum biyu. Ya sa na rage tsawon bututun. Ya sa na buɗe kuloci na canza sifirin da mai taushi, don ya kama tun inji na tafiya a hankali. Na sa sifirin da ya yi taushi da yawa, inji ya dinga mutuwa, Malam ya harare ni yadda ya saba, na rama. Muka sassauta murfin da ke sakin iskar turbo don kada ta taru ta yi duka, muka sauya haƙorin sarƙa don ja ya fi gudu. Idan daidai ne ya ɗaga yatsa, idan shirme ne sanda ta yi magana. Sandar ta yi magana da yawa.

Ranar da Alhaji ya zo da mai tirela an kwana ana ruwa. Na taimaka wa Malam ya hau, na ɗaure shi da bel, na sa ƙafarsa ta hagu a birki.

"Hajiya, idan ya faɗi, alhakinsa na wuyanki."

"Na ɗauka, Yaya. Matsa daga hanya."

Malam ya danna. Motar ta tashi a hankali kamar saniya mai zuwa rijiya, ta shiga taɓo, tayoyi suka nutse, ƙarar inji ta yi kauri, ta fita. Ina biye da ƙafa, Alhaji na bayana ya tattare babbar riga yana salati. A bakin garke Malam ya tsaya ya kashe inji. Ragunan suka taso suna cusa hanci a cinyarsa.

Ya daɗe yana dubansu ɗaya bayan ɗaya. Ya sa sanda ya taɓa ƙafar wani, kofato ya yi zaƙo-zaƙo ya lanƙwashe, don tun da ya kwanta ban yanke wa ko ɗaya ba. Ya leƙa kwamin ruwa, ya yi kore. Fuskarsa ta haɗe. Ya juyo gare ni, bakinsa ya karkace, ya yi ta kokawa da harshe har maganar ta fito cikakkiya, karo na farko tun asibiti.

"Ke! Haka... ake... kiwo?"

Wallahi na buɗe baki zan ce masa hannuna nawa ne, sai hawaye suka riga ni. Alhaji ya tsaya cikin taɓo har idon sawu yana kallon ƙanensa. Can ya matso, ya dafa sitiyari, ya sunkuya daidai fuskarsa.

"Malam, mai tirela na jira a sama. Me zan ce masa?"

Malam ko kallonsa bai yi ba. Ya kaɗa sanda wajen titi alamar mutumin ya kama gabansa, sannan ya miƙo min tafin hannunsa na hagu ya ce, "Wuƙa."

Na hau gangaren da gudu na ɗauko. Alhaji ne ya kayar da ragon ya danne shi da gwiwa, ni na yanke kofaton, Malam na zaune a sama yana yi mana faɗa mu biyu.