Shekarar da Tuwonmu Ya Kusa Korar Abla

Makarantar 'yan mata ta unguwarmu gidan haya ce, bene a bakin hanyar da ke bi zuwa Uhudu. Gwamnati ta kama gidan, ta zuba bencina a ɗakunan kwana, ta kafa allo a bango, aka ce ga makaranta. Mu ba mu raina ba. Iyayenmu da ƙafa suka tako daga ƙasar Hausa suka zauna a Madina, karatun allo suka ba mu, ni kaina sai da na fara furfura na shiga ajin manya na koyi riƙe biro. Saboda haka ranar da na ga 'yata ta fari ta rataya jaka, ji na yi kamar ni aka ɗauka.

Abin da makarantar ta rasa shi ne malama mai zama. A wancan lokaci daga Masar da Sham ake ɗauko malamai mata, kowace da muharraminta, a yi da ita shekara shekara. 'Yata tana aji huɗu. A shekarar da ta gabata malamarsu ta tafi hutun tsakiyar shekara ba ta dawo ba, yaran suka yi watanni suna zuwa su zauna, su yi wa juna kitso, su dawo gida. Maigidana tela ne a kasuwar da ke kusa da Harami. Mutum ne mai sanyi, amma in ya faɗi magana ya faɗa. Ya ce da ni, "Bana ma in haka ta faru, ta zauna ta taya ki aiki. Ba zan riƙa tura yarinya cikin wannan rana ta je ta yi zaman banza ba." Na ce masa to. A raina kuwa na ce sai dai in ba na numfashi.

Sai aka kawo sabuwa, 'yar Masar, yarinya siririya mai tabarau, da awarwaron zinariya a hannun hagu da ke ƙara in tana rubutu a allo. Abla yaran ke ce mata, yadda ake kiran kowace malama a nan, mu ma muka ɗauka. Da mahaifinta ta zo, dattijo mai fara'a wanda ya bar aiki tuni, ba abin da yake so a duniya irin ya wuni a Harami. Suka kama ɗaki a bayan gidan burodin unguwa. Kafin mako ya zagayo 'yata ta fara dawowa da lissafi a baki, tana ƙirga min tumatir ina yanka. Na ce wannan malama ko da igiya sai mun ɗaure ta a unguwar nan.

Kowa ya san baƙon malami yakan daɗe kafin takardunsa su fito a fara biyansa. Matar mai gidan da suka kama kuma ta tsegunta mana cewa ba komai a ɗakin sai akwatuna da risho. Akwai tsohuwar da duk unguwa ke kira Inna, ita ke wankan jego, ita ke raba faɗa, ita ke cewa a yi a yi. Ta tara mu bayan la'asar ta ce, "Baƙonka annabinka, balle a garin Annabi. Yarinya ta baro uwarta ta zo koyar da 'ya'yanku, kuna zaune kuna kallo?" Nan take aka raba gudummawa. Wata ta ba da tabarma, wata buta da tukwane, wata fanka. Maigidana ya ɗinka labule. Wata da mijinta ke tuƙa mota zuwa Khaibar ta kawo kwandon dabino. Abinci kuwa aka ce kowane gida ya riƙa aikawa yadda ya samu.

Ni na fara. Na tuƙa tuwon shinkafa, na yi miyar lalo, don an ce mini Misirawa na mutuwar son lalo. Na zuba a kwanona mai murfi na aika. Washegari kwano ya dawo da nauyi. Na buɗe, sai ga basbusa cike har baki, wannan alawar tasu ta gari da sukari da man shanu, an yanka ta reras, kowane yanki da ƙwayar lauz, mai kama da gyaɗa, a tsakiya.

To, a nan ne muka ɓata hanya. A wajenmu in ka aika wa baƙo abinci, a wanke kwano a dawo maka da shi, a ba ɗan aike tukwici, magana ta ƙare. Amma mace ta cika miki kwanonki ta dawo da shi, wannan ƙawance take nema. Ƙawance kuwa da ƙa'idarsa, irin ta biki: abin da aka yi miki ba kya mayar da daidai shi, sai kin ɗora. Na ce ashe Abla da abinta ta zo, kuma 'yar mutunci ce. Na yanka kaza na aika. Basbusa ta dawo. Maƙwabciyata ta ga kwanona, ta fito da nata wanda ya fi shi girma, ta cika shi da dambu. Ya dawo da wani cincin nasu mai narkewa a baki. Shi ke nan, unguwa ta ɗauka. Masu waina suka aika waina, masu ɗanwake suka aika ɗanwake, wata 'yar Cadi da ba ta so a bar ta a baya ta aika ƙafar rago sukutum. Kowace na cewa ita Abla ta fi so, shaidarta kuwa kwanonta. Yaranmu suka yi kumatu. Ni har gori na yi wa wata, na ce nata basbusar babu lauz.

Ana cikin wannan shagali, wata Laraba 'yata ta dawo ta jefar da jaka. Ina yi mata Hausa tana mayar min da Larabci, kamar yadda duk suka saba, har na gane abin da ke ciki: sun ji Abla na gaya wa mudira, wato shugabar makaranta, cewa in an yi hutun tsakiyar shekara za ta koma ƙasarsu, ba za ta iya ba.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ba za ta iya me ba? Me muka rage ta da shi? Washegari Alhamis, babu makaranta, ina idar da azahar na zura abaya na nufi gidan, ina tafe ina shirya maganganun da zan gaya mata, kuma ba masu daɗi ba ne.

Baban ne ya buɗe. Ya yi min maraba kamar ya ga 'yarsa, ya ce, "Ke ce mai lalo? Allah ya yi wa hannunki albarka." Na shiga. Ɗakin ya ɗauki zafi kamar gidan burodin da ke gabansu. Abla na durƙushe gaban risho, gumi ya jiƙe mata ɗankwali, tabarau ya yi hazo. A jikin bango kuwa kwanukanmu ne a jere. Na gane nawa, na gane na maƙwabciyata, na gane tiren 'yar Cadi. Wasu an cika, wasu na jiran layi.

Ban ko zauna ba na ce, "Abla, laifin me muka yi miki za ki tafi ki bar mana yara?"

Ta ɗago ta dube ni, ta buɗe baki, sai hawaye. Ta sa hannu tana sharewa, a nan na lura hannun hagun babu komai.

Dattijon ne ya yi bayani, yana murmushi irin na mai jin kunya. Ya ce a garinsu abin kunya ne a mayar wa maƙwabci kwano babu komai a ciki. Matarsa, uwar Abla, da ta ji an yi haka gara ta ji an yi sata. Albashi bai fito ba har yau. Ɗan abin da suka zo da shi ya tafi a sukari da man shanu, daga nan awarwaro suka fara bin hanyar kasuwar zinariya ɗaya bayan ɗaya. Yarinya ta dawo daga makaranta ta hau risho har magariba, littattafan yara na jiranta ba ta duba ba. Ya ce, "Ya hajja, mutanen kirki ne ku, wallahi. Amma kwanukanku kullum girma suke ƙarawa."

Na samu bakin tabarma na zauna, tabarmar ma tamu ce. Kunya da tausayi da dariya suka taso min lokaci guda, ban san wadda zan fara ba. Na ce, "Abla, me ya hana ki faɗa?" Ta ce, "In ce me? In ce ku daina yi min alheri?" Sai muka fashe da dariya mu biyu, tana yi tana jan hanci. Na ɗauki kwanona yadda yake, babu komai, ta riƙe gefe na riƙe gefe, sai da na rantse mata sannan ta saki.

Da na kai wa Inna labari ta yi dariya har ta riƙe ciki, ta ce garin neman gira mun kusa rasa ido. Na ce to a daina aikawa kawai. Ta harare ni. "Ki daina, su ci me? Labule?" Ta ja carbinta, can ta ce, "Wanda ya sha ruwan sabil, wa yake mayar wa kofi cike?" Duk ɗan Madina ya san sabil: randa ko abinci da ake ajiyewa a hanya don Allah, mai wucewa ya ci ya sha ya yi gaba, ba wanda ke binsa godiya.

Muka ɗunguma wajen mudira. 'Yar Madina ce, doguwa, ba ta dariya a makaranta. Ta saurare mu, ta ce dama ta daɗe tana kau da kai, domin iyaye su riƙa kai wa malama kyauta gida ga jarrabawa na matsowa, ba abu ne da doka ke so ba. Amma sabil na makaranta gaba ɗaya, wannan ba mai hanawa. Ta ƙara da cewa akwai yaran da ke zuwa ba su karya ba, tana ganinsu suna gyangyaɗi tun kafin hantsi. Wannan ya taɓa mu, don 'ya'yan maƙwabtanmu ne, kuma muna can muna gasar kwano ba mu lura ba.

Daga Asabar ɗin nan aka fara. Maza suka sayo randuna aka jera a inuwar tsakar gidan makaranta. Mu kuma muka raba kwanaki, kullum da gidajen da ke kawo karin kumallo lokacin fusha, wato hutun cin abinci: burodin tamis da ful, wato dafaffen wake, waina, dabino, wani lokaci har da dafa-duka. A manyan tire ake zubawa, yara su zagaye nasu, malamai su zagaye nasu, ba wanda ya san na gidan wa yake ci. Da gangan muke dafawa ya yi yawa. Inna ta je da kanta ranar farko, ta tsaya a gaban malamai ta sanar da su cewa a al'adarmu ragowar sabil ba ta komawa gidan mai ita, wanda gidansa ya fi nisa shi ke ɗauka. Ni dai tun da aka haife ni ban taɓa jin wannan al'ada ba, a bakin ƙofar makarantar ta ƙirƙiro ta. Mai sharar makaranta ta naɗe ragowar a takarda ta miƙa wa Abla, don ba mai gardamar cewa Masar ta fi gidan kowa nisa. Abla ta dubi Inna ta saman tabarau, ta gane sarai, ta karɓa.

Awarwaron dai ba su dawo ba. Mun yi shawarar mu haɗa mu sayo mata, Inna ta ce mu rufa wa yarinya asiri, kada ta sayar da akwati ta rama.

Duk da haka Abla ba ta ce ta fasa tafiya ba, mu kuma ba wadda ta iya tambaya. Hutu ya zo, muka wayi gari ɗakinsu da kwaɗo. Matar mai gidan ta ce sun hau motar Jidda da akwati. Wasu suka ce umra suka tafi, wasu suka ce ai daga Jidda ake hawa jirgin Masar. Maigidana kuwa, wata rana da 'yata ta kawo masa shayi ya ce hannunta ya iya aiki. Na fahimci inda ya dosa, na kwana biyu abinci ba ya min daɗi.

Ranar da aka koma makaranta na shirya ta da kaina, na raka ta har bakin titi. Ɗakin bayan gidan burodi har lokacin a kulle yake. Na dawo na kasa zama, na wanke abin da na riga na wanke. Da azahar ta yi na tsaya a ƙofa ina leƙe.

Can na hango ta, tana tafe tana jan ƙafa, fuska a kumbure da kuka. Ta iso ta wuce ni ta shiga, na bi ta ina tambaya, da ƙyar ta buɗe baki. Ta ce Abla daga tashar mota ta wuce makaranta da akwatinta, ko hutawa ba ta yi ba ta ce kowa ya fito da aikin hutu. Ita kuma ba ta yi ba. An tsayar da ita gaban aji, an ce gobe ta kawo shi duka, da ƙarin wani a kai.

"Mama, muguwa ce," in ji ta, da Hausa wannan karon. "Dariya ma kike yi?"

Dariya nake yi, hawaye na zuba. Na share mata fuska da bakin mayafina, na share tawa, na ce ta je ta ci abinci ta ɗauko littafin.