Ƙodar da ta zo daga Gummi

Jama'a, na daɗe ban ce komai a nan ba. Ba fushi na yi ba, jinya ce.

Da kumburin ƙafa abin ya fara, har takalmina ya daina shiga. Daga asibitin Anka aka tura ni Sakkwato, aka ce ƙodata ta gaza. Likita ya ce ba mamaki dalmar da na shaƙa ina yaro a Bagega ce, lokacin da muke daka dutsen zinariya a tsakar gida.

Aka fara yi min wankin ƙoda. Na ji tsoro ƙwarai.

Likita ya ce mafita dashe ne, amma sai an yi gwaji. Ya ce garkuwar jiki tana da wasu ƙwayoyin gado, dangin juna, jere wuri ɗaya, rabi daga uwa rabi daga uba. Za a karanta nawa, a karanta na 'yan uwana. In sun dace, jikina ba zai yaƙi baƙuwar ƙodar ba.

Ya tambayi Inna 'ya'yanta nawa. Ta lissafa ni da ƙannena uku.

Ba ta sa Yaya Hajara ba, 'yar farinta. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta lissafa shi, don kunya. Tun yaye aka kai ta riƙo wajen Goggo a Gummi. Ni ma ina kwance ina ji, ban tuna da ita ba.

Ƙannena babu wanda ya dace. Damina ta wuce ina kan inji, gonar geronmu ta tafi a kuɗin wanki.

Sai wata safiya Inna ta sunkuyar da kai ta ce, "Akwai waccan ta Gummi."

Yaya ta zo, aka gwada, nata da nawa iri ɗaya. Ta dube ni ta ce, "Mi ya hana a aiko min tun da fari? Ai ni ma ɗiyar gidan ce."

Har yau maganar tana ci min rai.

An yi dashen, na tashi, alhamdulillahi. Na gode wa likitoci da duk wanda ya yi min addu'a.

Ku je asibiti da zarar kun ga kumburi. In aka nemi 'yan uwa don gwaji, kada ku bar wa uwa lissafin, kunya ba za ta bar ta ba. Ku lissafa da kanku.

Yaya Hajara, Allah ya saka miki da aljanna. Na rubuta sunanki a nan ne a madadin Inna.