Na Kiwata Ƙuman Ruwa a Randa

Ranar da rediyo ya ce an cire mu daga Gongola an ba mu jihar Taraba, a daminar 1991, kowa a unguwarmu ta Sintali ya fita titi. Ni ban fita ba. Ina zaune a kan buhu a ƙofar madafa, ƙafata ta hagu a miƙe, kurkunu ya fito mini a idon sawu an naɗe kansa a jikin tsinke. Shekarata goma ko sha ɗaya, ba wanda ya rubuta. Daga nesa ina jin ganguna da ƙahon motoci, a gabana kuma ga kwanon kifi da aka ce in kankare. Na ɗauki wata karfasa da ba ta gama mutuwa ba, na matsa mata kumatu, sai ta buɗe baki ta tofo 'ya'ya a cikin ruwan kwanon. Ƙanana ne kamar tsakin shinkafa mai ido biyu. Suka watsu suna iyo, ni kuma na ajiye wuƙa.

Wadda ta kawo kifin maƙwabciyarmu ce, Mama Rifkatu, Bajukuna, mijinta yana kamun kifi a kogin Mayo Gwoi. Tana tsaye da Inna suna hira, ta leƙo kwanon ta yi dariya. "Karfasa yana ɓoye yaransa a baki," in ji ta. "Zubar, Ummi. In babu uwa, ba ya rayuwa." Ban zubar ba. A bayan rumbunmu akwai tsohuwar randa da bakinta ya ɓalle, ruwan sama ya cika ta rabi. Na ja gindi har wurin, kwano a cinya, na juye su a ciki. Inna ta ce in dai na gama kankare sauran, in kiwata ko kada ne.

Kafin ciwon nan ni ba mai zama ba ce. Baba baduku ne, iyayensa daga Kano suka zo, yana da rumfa a kasuwa inda yake ɗinka takalma da kube da layu. Makaranta ba a sa ni ba. Abin da na sani game da ita shi ne shingenta, inda nake ajiye faranti in sayar wa 'yan firamare dafaffiyar gyaɗa in an tashe su hutun ƙarfe tara. Karatun da nake rubuta wannan da shi sai da na haifi 'ya'ya na koye shi a ajin yaƙi da jahilci. Da safe surfe, da hantsi ɗiban ruwa, da rana talla, da yamma gaɗa da carafke a ƙofar gida. Da kaka a tura ni wurin Goggo a wani ƙauye kusa da Mutum Biyu, in taya ta cirar gyaɗa da karyar masara. A can na sha ruwan tafki da hannu biyu, kamar yadda kowa yake sha, tsutsar ta kwanta a jikina har shekara ta zagayo. Da ta tashi fitowa, sai da na ji kamar an ɗora mini garwashi a ƙafa. Kullum Inna takan murɗa tsinken kaɗan, don in aka ja da ƙarfi ta tsinke, ƙafar ta ruɓe. Ban yi kuka a gaban kowa ba. In na yi ɗingishi zuwa ƙofar gida, yaran unguwa su ce, "Ga sarauniyar langa ta fito." Sai na daina fita.

A daminar nan rijiyarmu ta rufta, muka koma shan ruwan kududdufin bayan unguwa. Wani malamin lafiya ya bi gida gida yana raba farin ƙyalle. A tsakar gidanmu ya cika kwalba da ruwan kududdufin, ya ɗaga ta saitin rana, ya ce mu duba. Na ga wasu farare-farare, ba su kai ƙwayar gero ba, suna zillo kamar ƙuma. Ya ce a cikin cikinsu 'ya'yan kurkunu suke zama, wanda ya haɗiye su ya haɗiyi ciwo. Ya ce kuma ba a haifarsu da shi. Sai mai kurkunu ya tsoma ƙafarsa a ruwa, tsutsar ta zuba 'ya'yanta, su kuma su ci. Na riƙe maganar nan. Tun daga ranar muke ce musu ƙuman ruwa, kuma tunda ni ce mai zama, tace ruwan gida ya dawo wuyana. In ɗaura ƙyalle a bakin randar sha, a juye tulu a kai, in kwance, in ɗauraye, in kai ɗaurayen bakin lambatu in zubar.

'Ya'yan kifina kuwa mutuwa suke yi. Na ba su dusa, ba su kula ba. Na marmasa musu tuwo, ruwan ya yi yauƙi ya yi tsami, da safe na tarar da wasu sun juya ciki sama. Na canja ruwa, na gwada garin kuli-kuli, haka dai. Kullum sai na tsame gawa da cokali. Wata rana ƙafa ta kumbura sosai, lambatu ya yi mini nisa, sai na juye ɗaurayen ƙyallen a randarsu da ke kusa. Na zauna ina hutawa ina kallon ciki. Abin da na gani ban taɓa mantawa ba. Kifayen nan da ke kwance a gindin randa kamar marasa lafiya suka tashi gaba ɗaya. Wannan ya yi nan, wancan ya yi can, suna caf, caf, suna tsinke ƙuman ɗaya bayan ɗaya. Kafin a jima cikin kowannensu ya yi tim. Abin da ya kwantar da ni shi ne abincinsu. Ranar na ci tuwo har na nemi ƙari.

Abin da ƙyalle ke kamawa bai ishe su ba, don suna girma suna ƙara ci. Sai na ce tunda ƙuman nan suna haihuwa a kududdufi, za su haihu a gidanmu. Na roƙi Inna wata randar mai tsaga, na liƙe tsagar da yumɓu, na sa yayata ta tara mini ruwan indararo a ciki. Na zuba ɗauraye, na jira. Ba abin da ya faru, ruwan ya cika tsabta. Na tuna ruwan kududdufi kore ne, kuma shanu da agwagi na kashi a bakinsa. Na kwaso kashin kaji cikin tafi na watsa. Ya yi yawa, randar ta yi ɗoyi, komai ya mutu, Inna ta zage ni tas. Na wanke na sake. Wannan karon busasshen kashi kaɗan na ƙulle a tsumma na jefa, na sa aka matsar da randar inda rana ke samunta da safe, inuwar rumbu ta rufe ta da azahar. Ruwan ya yi tsanwa a hankali. Na rufe bakin da guntun tsohon gidan sauro don kada sauro ya yi ƙwai. Wata safiya na ɗebo a kwalba na ɗaga saitin rana kamar yadda malamin ya yi, na ga abin ya cika yana motsi. Wasu har da jaka biyu a gindinsu kamar jaki da mangala. Daga baya na gane matan ne, jakar kuma ƙwai. Ba wanda ya nuna mini. Randa ɗaya ƙuma, randa ɗaya kifi, ludayi ɗaya tsakaninsu. Ƙafata kuwa ban taɓa bari ta kusanci ko ɗaya ba, a nannaɗe take da tsumma, a can gefe nake miƙe ta.

Ina da ƙane, Sabo, lokacin yana ɗan shekara uku, ba abin da hannunsa bai taɓa. Wata rana ina madafa ina tankaɗe, na ji Inna ta yi salati. Ta same shi a bayan rumbu ya yaye ragar gidan sauron, hannunsa a cikin randar ƙuma, bakinsa a jiƙe. Ta sa masa yatsa a maƙogwaro ya yi amai. Ba ta doke ni ba. Ta aika kasuwa a kira Baba, kuma wannan ya fi duka.

Da la'asar ya shigo. Baba mutum ne mara yawan magana, a wurinsa na gada. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kirana da komai ba sai Uwata. Ya saurari Inna a tsaye, ya duba bakin Sabo, ya ɗauki taɓarya ya nufi bayan rumbu. Ya tarar na riga shi. Ina zaune a ƙasa tsakanin randunan biyu, hannu ɗaya a kan kowacce.

"Uwata, matsa."

"Ba zan matsa ba, Baba."

Ban taɓa ce masa a'a ba sai ranar. Ya dube ni, ya dubi ƙafar.

"Abin da ya karya miki ƙafa kike kiwo a cikin gidana?"

"Ina kiwonsu ne a cinye su."

Na gaya masa abin da malamin lafiya ya faɗa, cewa ba a haifarsu da ciwon, kuma ruwan nan na sama ne, ƙafar kowa ba ta shiga ba. Ya ce, "Waɗanda kika fara zubawa fa? Ba daga kududdufi suka zo ba?"

"Daga can suka zo. Ko sun mutu, ko suna nan, ban sani ba."

"Gara da kika ce ba ki sani ba."

Taɓaryar tana hannunsa har yanzu. Na san in ya fasa randar ƙuma, ta kifin ma ta fasu ke nan, ko bai taɓa ta ba. Ban roƙe shi ba, ban iya roƙo ba. Na miƙa hannu na ɗebo ludayi guda na zuba wa kifin. Lokacin sun kai tsawon gaɓar yatsa. Ruwan ya ɗauki tafasa. Baba ya matso, ya jingine taɓaryar a jikin rumbu, ya tattara rigarsa ya tsuguna. Shi ma a ƙuruciyarsa kurkunu ya taɓa cinye masa damina guda, Inna ce ta gaya mini daga baya. Ya daɗe yana kallo, ni ina kallonsa. Da ruwan ya lafa ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Ƙara musu."

Washegari bai je kasuwa da wuri ba. Ya auna bakin randar ƙuma da igiya, ya zauna a zaure da basilla da fatar akuya. Ya ɗinka wa ragar baki na fata mai kauri, ya sa mata maɗauri irin na sirdi wanda ko babban yaro sai ya yi da gaske zai kwance. Ya ɗaura da kansa, ya ja ya gwada. Ya kafa mini doka: ba a ƙara zuba ɗaurayen kududdufi a ciki, ludayin randa ba ya shiga madafa, kuma in wani abu ya fito a ƙafar Sabo, ni da kaina zan fasa randar. Na ce na yarda. Shekara guda cur ni nake yi wa Sabo wanka, ina bin sawunsa da yatsa ina neman kumburi. Wata daminar ta zo ta wuce, ba abin da ya fito.

Kifin ba duka suka kai ba. Kyanwa ta ci wasu, zafin bazara ya kashe wasu. Sauran Baba ya yanka musu rabin duro, suka girma har faɗin tafin hannu. Mama Rifkatu ta kawo mijinta ya gani da idonsa, ya daɗe yana kaɗa kai. Ranar da aka dafa su a miyar yakuwa, Baba ya aika wa maƙwabta ɗanɗano, ya ce a gaya musu kifin Uwata ne.

Yanzu ina Abbare, a gidan kaina. Randa ta zama bokitan roba da akwatunan gilashi a jere a gefen katanga. Masu kifin ado a falo suna zuwa da kwalabe, samari masu ƙyanƙyasar tarwaɗa suna zuwa da jarka. Suna da sunan Turanci da suke kiran abin, ni har gobe ƙuma nake cewa, kuma sun saba. Da wannan aikin na riƙe 'ya'yana bayan ubansu ya rasu, ban miƙa wa kowa hannu ba. Kurkunu ya bar ƙasar nan, jikokina ruwan leda suke sha, in na ba su labarin tsinke sai su ɗauka tatsuniya ce. Na gode wa Allah da hakan, ba na fatan su sani. Sai dai masu zuwa yanzu a tsaye suke kallo, waya a hannu, mashin yana jiransu a ƙofa. Baba ya rasu kafin in sayi gilashi na farko. Tun bayansa ba wanda ya ƙara tsugunawa kusa da ni ya ce in ƙara musu.