Kurɓin Davou a Gidan Gregory

Davou ɗan kawuna ne, taubashina, saboda haka ina da ikon faɗin komai a kansa. Kansa ya kai girman tukunyar burukutun mahaifiyarsa a Bukuru, hancinsa kuma yana shiga ɗaki minti biyar kafin shi. A 2004 ya zo Amurka, ya sauka a garin Laurel, ya kama aikin kula da tsofaffi a gidajensu.

Kamfanin da ya ɗauke shi ya tura shi wurin Gregory, wani dattijon Bature da ɓarin jikinsa ya shanye, magana ma da ƙyar take fita. Shekara tara Davou na yi masa wanka, yana masa aski, yana juya shi a gado. Baba yake kiransa.

Likita ya yarje wa tsohon abu guda: wiski kaɗan duk ranar Lahadi bayan abincin rana. Ba irin na kan hanya ba. Na ƙasar Sikotilan ne, na sha'ir zalla, gida ɗaya ya dafa shi, ya shekara goma sha shida a ganga. Da hannu ɗaya da rabin baki Gregory ya koya wa Davou ladabinsa. A fara shinshinawa. A ɗiga ruwa ɗigo biyu. A bar shi ya zauna a harshe, kada a haɗiye kamar magani.

Na taɓa shinshina kwalabar. Na ce, "Davou, wannan ai warin bukkar da ta ƙone ne!"

Ya ce, "Kaneng, hancinki na daddawa ne. Hayaƙi ne a gaba, bayansa zuma, can ƙarshe gishirin teku."

"Kai da ka girma a kan dutse, ina ka san teku?"

"Baba ya faɗa mini. Daga baya na ji da kaina."

To, a wurinmu ba a miƙa wa babba ƙoƙo sai an kurɓa a gabansa, ya ga babu cuta a ciki. Haka Davou ya ga uwarsa na yi, haka ya yi ta yi. Ya jiƙa leɓe, sannan ya kai kofin bakin tsohon. Gregory bai taɓa hanawa ba. Idonsa yake zuba masa, yana jiran ya ga yadda fuskarsa za ta yi.

A 2013 Pauline, 'yar tsohon, ta sa kyamara a falo. Abin da ta gani shi ne ma'aikaci na shan giya a bakin aiki, a kofin mahaifinta. Ta kai ƙara kamfani, aka kira shi ofis.

Na roƙe shi. Na ce, "Ka ce sau ɗaya ne, ka ce kuskure ne. Aikinka ne fa, da Babanka."

Ya tafi ya ce musu duk Lahadi yake yi, shekara tara, kuma da bai yi ba da ya raina mutumin. Suka saurara da kyau, suka ce doka ba ta san wannan ba. A ranar ya ajiye makullin gidan. Ko tsokanarsa na kasa yi.

Aka kawo wata ma'aikaciya. Lahadi uku tana kai kofi, Gregory na kau da kai. Abinci ma ya rage. Pauline ta zauna gabansa tana tambaya, da ƙyar ya haɗa kalma biyu: "Davou tukuna."

Ta buga wa Davou waya da kanta. Kamfani bai mayar da shi ba, har yau kaya yake ɗauka a wani sito a Laurel. Amma babu dokar da ta hana baƙo zuwa gaisuwa. Duk Lahadi daga coci sai gidan, da rigarsa ta fita. Pauline ke buɗe masa ƙofa, ita ke zubawa, ta miƙa masa, ta ja kujera ta zauna. Shi kuma ya jiƙa leɓe, ya kai kofin bakin tsohon, tsohon ya sha.

Haka suka yi wata goma sha tara. Da Gregory ya rasu, Davou na cikin mutum shidan da suka ɗauki akwatin, a gaba, ta hannun dama.