Takardun da Baba Ya Ɗinke Cikin Fata

Ni ba malami ba ne, ban kuma iya tsara magana ba. Aji uku na yi a makarantar boko. Abin da zan faɗa a nan don samarin Zango ne, musamman waɗanda suka tsinci ɗan Turanci har dattawa suka fara aikensu ofis.

A Zangon Kumasi aka haife ni. Ubana mutumin Salaga ne, uwata daga wajen Yandi, duk 'yan ƙasar nan ne. Ubana dako yake yi wa wani mai sayar da goro, Baba Garba. Da ya rasu ina ƙarami, Baba Garba ya ɗauke ni ya haɗa da 'yarsa Hajara, kwano ɗaya muke ci. Shi Baba daga ƙasar Kano ya zo tun yana yaro, ya biyo ayarin fatake, bai sake komawa ba. A Kumasi ya yi aure, a nan ya binne matarsa, a nan gemunsa ya yi fari. Bai taɓa kirana da suna ba, sai dai ya ce ɗana.

Dattawan Zango a lokacin gara su kwana da zazzaɓi da su shiga ofishin gwamnati. Za a tsayar da mutum da rawaninsa, yaro sa'an jikansa ya yi masa tambaya da Turanci, na kusa su yi dariya. Ni kuwa ina jin Tonanci, yaren mutanen Asante, kamar Batone, ina kuma haɗa Turanci gwargwado. Sai na zama ɗan aiken layin 'yan goro. Ana ba ni na koko, ana sa mini albarka. Da na tsaya a nan, da yau ina da fuskar shiga mutane.

Da kuɗin lampo na fara, wato ɗan harajin nan na kowane baligi. Wani tela ya ba ni nasa in biya masa. Na tarar da layi ya yi tsawo, na ce gobe. Kafin goben na zauna wajen 'yan karta a bayan tashar mota, kuɗin ya tafi. Na yi ta jiran tela ya tambaye ni tikiti, bai tambaya ba. A Zango ba a bincikar ɗan gida. Wanda kuka tsaya sahu ɗaya da shi, in ka ce ya nuna maka takarda kamar ka kira shi ɓarawo ne. Wannan kunyar ta mutanenmu ita na mayar gonata.

Da aka matsa wa 'yan kasuwa cewa kowa ya riƙa bayyana abin da yake samu a shekara, ya biya haraji a kai, Baba ya kira ni rumfarsa. Ya ƙulle kuɗi a ƙyalle ya ba ni.

Ya ce, “Je ka gaya musu abin da nake samu. Kada ka rage, kada ka ƙara. Ba na son haƙƙin kowa a wuyana, ko da na gwamnati ne.”

Na je har ƙofar ofis ɗin, na juyo. Na sayi littafin rasit a kanti. Na sami guntun tayar mota, na zauna da wuƙa na sassaƙa hatimi, don na taɓa zama wajen masu sassaƙa a unguwar Anloga, hannuna ya ɗan iya. Na buga, na yi wani jagwalgwalon sa hannu, na kai masa. Ya karɓa da hannu biyu. Shekara ta zagayo na sake. Ganin Baba ya yarda da ni, wani mahauci ya kawo nasa, teloli biyu suka kawo. Na ɗinka riguna, na sayi agogo, na koyi shan giya a ɓoye. Idan na wuce yara suna cewa ga akawun Zango.

Abu ɗaya ya riƙa tayar mini da hankali. Hajara ta auri wani Yakubu, mai rubuta tikiti a tasha, wanda ya fi ni karatu nesa ba kusa ba. Ran da ya ɗora ido a kan takardun nan kashina ya bushe. Sai na je wa Baba da shawara.

Na ce, “Baba, takardar gwamnati ba a barinta a fili. Ɓera zai ci, ko damina ta taɓa ta. A kai wa baduku ya ɗinke ta cikin fata kamar laya.”

Ya ce, “Kai dai Allah ya yi maka albarka. Ubanka ma haka yake da tunani.”

Haka aka yi. Duk shekara in kawo takarda, baduku ya naɗe ta ya ɗinke, Baba ya zura a igiya ɗaya da 'yan'uwanta. In zai shiga ƙauyukan Asante sayen goro, sai ya rataya su a ƙarƙashin riga, wai ko ɗan sanda zai tare shi. Ya kan dafa ƙirji ya ce wa abokansa shi gwamnati ba ta binsa ko kwabo. Ina zaune a gefe ina cin goronsa.

Wajen ƙarshen 1969, ana cikin azumi, rediyo ya faɗi cewa duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasar, an kuma sa wa'adi gajere. Wanda bai ga Zango a kwanakin nan ba, ba zan iya kwatanta masa ba. Gadaje da kekunan ɗinki a bakin titi, ana sayarwa kuɗin tabarma. Mutum ya gina gida da guminsa, ya bar mabuɗi a hannun maƙwabci. Mahaucin nan da telolin ba su ko nemi takarda ba, suka ɗaure kaya suka tafi. Ba zan ɓoye ba, daɗi na ji da na ga ƙeyarsu.

Baba ya ce shi ba inda za shi.

“In je wurin wa? Wanda ya san ni a can ya mutu. Uwar Hajara tana kwance a nan. Kuma ni ba ɗan iska ba ne, ina biyan haraji.”

Yakubu ya bincika, ya dawo ya ce cikin abubuwan da ake nema kafin a ba mutum takardar zama har da shaidar biyan haraji, kuma wannan karon sai mutum ya je da ƙafarsa. Na ce a ba ni layun in kai, Yakubu ya ce ba a karɓa daga ɗan aike. Baba ya yi murmushi ya ce ai da sauƙi, ɗansa zai raka shi, tunda duk ma'aikatan sun san shi.

Daga Zango zuwa ofis ɗin tafiya ce mai ɗan nisa, a ƙasa muka je. Ina da damar faɗa masa gaskiya a hanya. Ina da damar gudu. Ban yi ko ɗaya ba. Na yi ta gaya wa kaina cewa mutane sun yi yawa, akawu ba zai tsaya dubawa ba. Baba kuwa yana ta ba ni labarin ragon da zai yanka in an ba shi takarda.

Muka yi layi har rana ta take. Akawun da muka samu Batone ne, ba yaro ba, yana jin Hausa kaɗan-kaɗan.

Ya ce, “Papa, ina takarda?”

Baba ya zura hannu cikin riga ya ciro igiyar, ya ajiye a kan tebur. Akawu ya ja kujera baya, ya ce shi ba magani ya tambaya ba. Mutanen layi suka yi dariya, Baba ma ya yi. Aka kawo reza. Baba da kansa ya farke ta farko a hankali, kada ya yanki takardar, ya warware ta, ya shafe da tafin hannu ya miƙa.

Akawu ya duba. Ya ce a farke ta biyu. Ya tashi ya kira wani, suka buɗe manyan littattafai suna bi da yatsa. Ya dawo ya zauna.

“Wa ya ba ka wannan?”

Baba ya dafa kafaɗata. “Ɗana ne. Shi yake zuwa mini duk shekara.”

“Papa, wannan takarda ba namu ba. Suna naka babu a nan. Kai ba ka biya ba, ko sau ɗaya.”

Baba ya juyo ya ce, “Yi masa bayani da yarensu, ɗana, ƙila bai gane ba.”

Na sunkuyar da kai. Ya sake cewa in yi magana. Na kau da fuska. Ya daɗe yana dubana, hannunsa yana kan kafaɗata, sannan ya ɗauke. Na so ya mare ni, ko ya tsine mini a gaban jama'a. Abin da ya ce kawai shi ne, “Ni ina azumi.” Ya juya mini baya, ya tambayi akawu yadda za a yi.

Daga nan ɗan sanda ya wuce da ni. Sauran labarin a bakin Yakubu na ji, ranar da ya zo kotu. Baba ya zauna an cika masa fom na duk shekarun da suka wuce, karo na farko a rayuwarsa, yana faɗa ana rubutawa, yana dangwala yatsa. Bai rage komai ba. Aka sake lissafa masa duk kuɗin da ya riga ya ba ni na cinye, aka ɗora tara. Ya fitar da huhunan goronsa zai sayar, amma masu sayen duk suna kan hanyar barin ƙasar, goro ya yi ta bushewa. Yakubu ya sayar da kekensa, Hajara ta sayar da tasoshinta. Kafin kuɗin ya cika wa'adi ya wuce. Ana saura 'yan kwanaki salla suka raka shi filin Race Course inda ake lodin baƙi, aka ɗora shi a bayan babbar mota da tabarma da buta.

Alƙali bai sha wahala da ni ba, hatimin yana cikin akwatina. Aka ɗaure ni. A kurkuku na ɗauki bokitin kashi a ka, ƙazwa ta cinye mini hannu, na sha gari da ruwa har hanjina ya gaji. Gandirobobi suka sa mini suna Kwamishinan Haraji, in za a fita aiki sai su ce kwamishina ya wuce gaba da bokiti. Ba wanda ya taɓa kawo mini ko ƙosai. Ban ga laifin kowa ba.

Wajen ƙarshen 1970 aka sake ni. Na sami amalanke ina tura katako a Anloga. Aka aiko mini cewa ni ma ban taɓa bayyana abin da nake samu ba, in zo. Na je, na kuwa faɗa hannun akawun nan. Ya gane ni. Ya ɗauko fom ya ce aikin me nake yi a shekarun baya.

Na ce, “Sata.”

Ya ce, “Babu wurin wannan a fom.”

Ya rubuta ɗan aike. Ya tambayi sunan ubana da garinsa, na ce Salaga, ya rubuta ni ɗan ƙasa. Suka yanka mini abin da zan riƙa biya kaɗan-kaɗan, na ba da na farko, ya buga hatimi na gaske. Kafin azahar na fito. Abin da na hana tsoho yi shekara da shekaru ke nan, aikin hantsi ɗaya. Na tsaya a bakin titi da takarda a hannu. Ni da na ci kuɗin ina da takarda, ina da ƙasa, ba mai ce mini tashi.

Na daure na je gidan Hajara. A da, Yaya take ce mini. Ta fito ta tsaya a zaure ta ce, “Malam, lafiya?” Na ce gafara na zo nema. Ta ce, “Ni tasoshi kawai ka ci mini, na bar maka. Wanda ka cuta ba ya nan. Je ka nemo shi.” Ta koma ciki.

Akwai direban da ke kai goro Kano, na roƙe shi ya nemi Baba ya gaya masa na tuba. Da ya dawo na tare shi a tasha. Ya ce ya same shi a wani ƙauye, a ɗakin wani jikan ɗan'uwansa, ya rame, yara suna kwaikwayon Hausarsa suna ce masa ɗan Gwanja. Na ce ya isar da saƙona? Ya ce ya isar har sau biyu.

“To me ya ce?”

“Ya tambaye ni wa ke zaune a rumfarsa yanzu. Ya tambayi ko ana share kabarin matarsa.”

“A kaina fa?”

“Bai ce komai ba.”

To samari, ga abin da zan gaya muku. In dattijo ya ba ka kuɗi ka kai ofis, ka kai a ranar, ko layin ya kai har unguwar Oforikrom. In ka ci, ka koma ka faɗa masa tun abin yana ƙarami, zagi ne kawai za ka sha. Naka harajin ma ka je ka bayyana da ƙafarka, ba a yanka mutum a can. Ku kuma dattawa, ku daina jin kunyarmu, ku ba wani ya karanta muku abin da muka kawo.

Na daina karta, na daina giya, ina salla a sahun baya inda ba a matsa mini. Ina roƙon Allah ya yafe mini. Amma Baba Garba yana can inda ba wanda ya san shi, kuma ni na kai shi.