Farar Robar Ja'afaru Direba

Idan ka yi baƙo a layinmu na Kurmin Mashi ka rasa inda za ka kai shi ya ga gari, wurin Malam Ja'afaru ake tura ka. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana tuƙa manyan wata ma'aikata. Darakta biyar ya yi wa direba, kuma a cikinsu babu wanda bai iya cin daɗi ba, shi ya sa Kaduna take a tafin hannunsa. Zai ce maka kada ka sayi atamfa a bakin titi, ka kutsa cikin Babbar Kasuwa sai ka wuce masu takalma. Hular kirki, akwai wani tsoho a Unguwar Kanawa. Mai son ƙwarya mai zane ko jakar fata, ya san rumfar da za a tura shi. Tsire kuwa, na Unguwar Sarki daban, na Kawo daban, har zai gaya maka wanda ke labta ƙuli don ya ɓoye naman jiya.

Ni tela ne, shagona yana kallon ƙofar gidansa, kuma a bencina yake baje wannan ilimi. Na saurare shi har na haddace.

Inda bakinsa ya fi zaƙi shi ne gidajen abinci na Unguwar Rimi da Malali, musamman wani da ake kira Zauren Lubna. In ya fara bayanin farfesun kifinsu, sai ka ji yawu ya taru maka. Ya san teburin da ya fi samun sanyi, ya san miyar da ba a ci ranar Litinin. Mutane sun je da maganarsa sun dawo suna sa masa albarka.

Bai taɓa taka ƙafarsa ciki ba. Ko sau ɗaya.

Duk abin da ya sani, daga kujerar baya ya ji shi, lokacin da Oga da abokansa ke sakace haƙori suna yabon abin da suka ci. Shi wurinsa benci ne a gindin mangwaro, ta gefen ginin, inda direbobi ke jira. In Oga ya tuna da shi, sai a aiko masa da irin abin da ake ba direbobi: farar roba ɗaure da jan kyauro, shinkafa da tsokar nama ɗaya. Ja'afaru ba ya buɗe ta. Yakan haɗiye yunwarsa ya kawo wa matarsa Bara'atu, ya ce shi ya ci nasa a ciki tare da Darakta har ya kasa tashi, wannan tsarabarta ce. Shekara ashirin ana haka. Ita kuma Bara'atu, baiwar Allah mai son a san ta, sai ta bi gida-gida da cokali tana ɗanɗana wa maƙwabta abincin manya. Mu ma mun samu, mun ci muna gyaɗa kai.

Da ya yi ritaya, ta tare shi a tsakar gida, gaban matan layi da suka zo taya murna.

"Malam, ka aika kowa Zauren Lubna, ni kaɗai ce ba ka kai ba. Yanzu ai ba Darakta, sai ni."

Mata suka ɗauki guɗa. Me zai ce? Da ni ne da na ƙirƙiri ciwon ƙafa, amma Ja'afaru ya daɗe yana faɗin labarin nan har shi ma ya fara yarda da shi. Ya kawo min farar shadda, na yi masa ɗinki da aiki a wuya. Ranar Asabar bayan azahar suka fito, ita cikin leshi tana zuba ƙamshi, rabin layi na leƙe. Abin da ya faru daga nan, Salisu maigadin wurin ne ya ba ni, sauran kuma Bara'atu ta gaya wa matata da bakinta.

Kuskuren farko, shi ya yi shi da kansa. Ya ce wa mai keke napep ya wuce babbar ƙofa ya tsaya a ƙaramar ta gefe, don ita kaɗai ƙafarsa ta sani. Suna shiga suka faɗa tsakiyar direbobi.

"A'a! Baba Ja'afaru!" in ji Salisu. "Ina motar? Ina Oga?"

Direbobi suka matsa suka buɗe masa wurin zamansa. Uku a cikinsu suna cin abinci, kowanne da farar roba a cinya, jan kyauro a wuyan hannu. Bara'atu ta dubi robobin nan ta daɗe.

"Yau ciki za mu shiga," in ji Ja'afaru.

Wani ya yi dariya, yana zaton wasa ne. Suka zagaya gaba, inda ginin duk gilashi ne, masanin gari ya tsaya yana lalube bai san wanne ke buɗewa ba, sai da wata ma'aikaciya ta tausaya ta tura musu daga ciki. Suka zauna. Ya ture takardar jerin abinci gefe kamar wanda ya saba, ya ce a kawo farfesun kifi biyu.

"Baba, ai mun daina yinsa tun kafin korona," in ji ma'aikaciyar.

Duk da haka da an tsira. Mace kamar Bara'atu za ta iya haɗiye wannan, ta ci abin da aka kawo, ta koma gida ta tsara wa mata labari. Sai ga Hajiya Sa'adiya, matar daraktansa na ƙarshe, ta shigo tana mita ta rasa wurin ajiye mota, ta bar ta a bakin ƙofa. Idonta ya sauka a kansa. Ba ta ga shadda ba, ba ta ga aikin da na kwana biyu ina yi ba, ba ta ga matar da ke zaune a gabansa ba.

"Yauwa, Ja'afaru, Allah ya kawo ka. Gyara min motar nan, ka jira ni."

Ta miƙo makulli. Wannan wurin ne yake ƙona min rai har yau, don ba wanda ya tilasta shi. Ba albashinsu yake ci ba, ba ya tsoron kora. Kalma ɗaya ta isa. Amma kafin bakinsa ya motsa, hannunsa ya riga ya karɓa, ya miƙe, har da ɗan rusunawa.

"To, ranki ya daɗe."

Salisu ya ce bai taɓa ganin an shigar da mota matsattsen wuri da baya, bugu ɗaya, kamar ranar ba. Ja'afaru ya kashe ta, ya fito, ya tsaya yana kallon gilashin nan. An ce ya jira, kuma wuri ɗaya ya sani da ake jira. Ya je ya zauna a bencin.

Bara'atu ta yi kusan awa guda ita kaɗai a teburin, da kofin ruwa a gabanta. Da ta miƙe za ta fita, Hajiya ta yafito ta.

"Baiwar Allah, tare kuke da direban nan ko? Taimaka ki miƙa masa wannan."

Farar roba ce da jan kyauro. Bara'atu ta karɓa da hannu biyu, ta fita, ta zagaya har gindin mangwaro, ta ɗora masa a cinya a gaban kowa.

"Ga naka, Malam. Yau ka ci da kanka. Ni na ƙoshi."

Ta tari keke ta dawo ita kaɗai. Kafin la'asar sakaliya labari ya gama layi, kuma mutanen layinmu ba su da imani. Waɗanda ya yi shekaru yana nuna wa gari su suka fi kowa dariya. Har yau in ya kwatanta wa wani wuri, sai an samu mai tambaya, "Ta babbar ƙofa ko ta gefe, Baba?" Ba zan ɓoye ba, ni ma na dara a ranar, har allura ta soke ni.

Sai da Hajiya ta gama cin abincinta ta karɓi makullinta sannan ya taho. Ya iso dab da magariba, robar na hannunsa, ba a buɗe ba. Ya tsaya a ƙofar gidansa, ya kasa shiga, ya tsallako ya zauna a bencina. Na yi kamar ina neman almakashi. Ya cire kyauron a hankali, ya sa cokalin roba, ya kai loma ɗaya baki. Ya daɗe yana tauna.

"Ashe ko gishiri babu," ya ce, ba ni yake kallo ba. "Shekara ashirin, ba ta taɓa gaya min ba."